Shawara: Windows 10 ta tsufa, wace Linux ce za ta dace da aikina?

Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce a Zariya, da yamma kuma ina koyarwa a Islamiyya. Ina da laftof HP EliteBook 840 G3 da na saya ta hannu, RAM ɗinta 4GB. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa na Turanci da Hausa da Larabci, da ita nake haɗa sakamakon ɗalibai a Excel, lokacin bukukuwa kuma nakan zana katin gayyata da CorelDRAW in samu na cefane. Yanzu ta yi nauyi, sai in kunna ta in je in ɗora tukunya in dawo ba ta gama buɗewa ba. Duk filashin da na kai shagon buga takardu da bairos yake dawowa. An kuma ce min Windows 10 ta daina aiki, tawa kuwa ba ta ɗaukar 11. Mai gyara ya ce in kawo ya tura mata 11 ɗin da ƙarfi. Ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'a ya ce in bar shi ya goge komai ya sa min Kali Linux, wai ita ce ta ƙwararru. Wata abokiyar aikina ta ce Ubuntu. Ni dai tsorona kar in rasa takarduna, kuma gaskiya zuciyata ba ta kwanta da manhajojin satar da aka cika min ba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malama.

Kada ki miƙa wa kowa kwamfutar nan, ko mai gyara ko ƙanenki, sai kin kwashe takardunki kaf. Ki kwafe su a wuri biyu: ɗaya a filashi mai tsabta ko ma'ajiya ta waje, ɗaya a Google Drive. Bayan kin kwafe ki buɗe wasu daga cikinsu daga can inda kika ajiye, ki gani da idonki suna buɗewa. Masu kukan rasa takardu galibi ba sabuwar manhaja ce ta cinye musu ba, wani ne ya ce "ai na kwafe miki" aka yarda da bakinsa, aka yi fomatin.

Sai maganar cewa Windows 10 ta daina aiki. Ba ta daina ba. Abin da ya faru shi ne daga 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ta saba aikowa. Za ta ci gaba da kunnuwa, Excel zai ci gaba da lissafi, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano bayan nan a buɗe za ta zauna. Ga wadda ke shiga imel da asusun banki da ita, wannan ba abin wasa ba ne. Windows 11 kuwa ta ƙi taki ne saboda furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar: a jerin da Microsoft ta amince da shi, na Intel kusan duk daga tsara ta 8 ne zuwa sama, 840 G3 kuma tsara ta 6 ke cikinta. Mai gyaranki bai yi ƙarya ba, ana iya tura ta da dabara. Amma Microsoft da kanta ta ce ba ta ɗauki alkawarin sabunta irin wannan kwamfutar ba, kuma wadda take nishi da 10 a kan RAM 4GB ba za ta samu sauƙi da 11 ba. Kuɗinki za ki biya a ƙara mata kaya.

Ƙanenki, Allah ya yi masa albarka, zumuɗin ɗalibta ne ke ɗibarsa. An fitar da Kali a 2013 don masu gwada ƙarfin tsaron kwamfutoci, cike take da kayan binciken kafar kutse, kuma masu yin ta sun rubuta a shafinsu cewa ba su ba sabon shiga shawarar ya riƙe ta don aikin yau da kullum ba. Ke tambayoyin jarrabawa za ki buga. In yana son ta, ya sa a nasa filashin ya yi ta koyo. Amma kada ki kore shi, za ki buƙace shi, zan gaya miki inda.

Sunayen nan da ake ta jefo miki, Kali, Ubuntu, Mint, Fedora, Debian, duk Linux ne, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Yadi ɗaya ne, teloli ne suka bambanta, kowa da irin ɗinkinsa da kuma wanda yake ɗinka wa. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ne ya fara rubuta ƙashin bayan abin a 1991, aka haɗa shi da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya fara tun 1983. Wayar Android da ke hannunki ma a kan Linux aka gina ta, don haka ba baƙuwa ba ce a gidanki. Lasisinta kuma shi ne amsar abin da ke damun zuciyarki: ya halatta ki sauke ta, ki sa, ki kwafa wa malaman makarantarku gaba ɗaya, babu wanda kika ci haƙƙinsa. Masu ita ne suka rubuta hakan. Ba sadakar da za a janye gobe ba ce kuma, domin rubutun da aka gina manhajar da shi a fili yake, in wani ya bari wani zai ɗauka ya ci gaba.

To wacce? Ba daga suna ake farawa ba, daga aikinki ake farawa. A wasiƙarki na ga rubutu cikin harsuna uku, na ga lissafin maki, na ga zanen kati, na ga data da ba ta da araha, na ga kwamfuta mai RAM 4GB. Da waɗannan a gabana, Linux Mint zan ce miki, samfurin Xfce.

Fedora tana da kyau, amma duk wata shida take fitar da sabuwa, kowacce kuma kusan wata 13 ake kula da ita, ke nan kullum kina cikin sauke manyan kaya. Arch ta masu jin daɗin kwance inji su ɗaure ce. Debian, wadda aka fara tun 1993, uwa ce ga da yawa daga cikinsu kuma ba ta da rigima, sai dai takan bar wa mutum wasu ƙananan saituna ya yi da kansa. Shawarar abokiyar aikinki ita ce ta fi kusa. Ubuntu, da wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya assasa a 2004, tana fitar da samfurin dogon zango duk shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da shi shekara biyar. Abin da ya sa na tsallake ta a gare ki: fuskarta ta fi cin RAM, tsarinta ya yi nesa da wanda hannunki ya saba, kuma fayil ɗin da za ki sauke na 24.04 ya kusa 6GB, na Mint kuwa bai wuce 3GB ba. Mint ɗin ma a kan Ubuntu aka gina ta, don haka yawancin maganin da za ki samu a intanet na matsalar Ubuntu zai yi miki aiki. Jerin Mint 22 da ya fara fita a 2024 ana kula da shi har 2029. Idan kin kunna za ki tarar da maɓallin buɗe manhajoji a ƙasa ta hagu, agogo a ƙasa ta dama, foldoji kamar yadda kika san su. Tana da samfuri uku, Cinnamon da MATE da Xfce. Cinnamon ya fi ado, Xfce ya fi sauƙin nauyi. In kin ƙara RAM daga baya ya kai 8GB, ɗauki Cinnamon ba komai.

Amma kada ki yi cinikin biri a sama, ko da ni na faɗa miki. Ana iya gwada Mint ba tare da an taɓa komai a cikin kwamfutar ba, kuma nan ne aikin ƙanenki na farko. Ya sauke ta daga linuxmint.com kaɗai, ba daga wani mahaɗi da aka turo a WhatsApp ba, in da hali da datar dare. Ya duba lambar tantancewar da suka wallafa ya ga ta yi daidai da ta fayil ɗin. A Fabrairun 2016 an taɓa kutsawa shafinsu aka musanya fayil da gurɓatacce na ɗan lokaci, tun daga nan mai hankali ba ya tsallake wannan. Sai ya ɗora ta a filashi mai 8GB da Rufus ko balenaEtcher, wanda zai goge duk abin da ke filashin. Ki cusa, ki kunna kwamfutar kina danna Esc, in jeri ya fito ki danna F9 ki zaɓi filashin. Mint za ta buɗe daga cikinsa, Windows tana nan kwance ba a taɓa ta ba. Kin cire filashin kin sake kunnawa, komai ya koma yadda yake.

A wannan zaman gwajin kada ki tsaya kallon hoton bango. Ki haɗa ta da Wi-Fi ɗin wayarki, ki kunna karatu ki ji sauti, ki duba kyamara in kina shiga Zoom. Ki tafi da ita makaranta ki jona firintar ofis ki buga shafi ɗaya. Yawancin firintocin HP suna aiki da kansu, sai dai wasu tsofaffin LaserJet irin su 1020 da P1102, da suka cika ofisoshinmu, sukan nemi a sauke musu wani ɗan ƙarin direba sau ɗaya. Daga filashi za ki ji ta ɗan yi sanyin jiki, laifin filashin ne, kada ki yanke mata hukunci a kan sauri.

Babban gwajin shi ne takardunki. Mint tana zuwa da LibreOffice a ciki: Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel. Ki ɗauko takardar jarrabawar da ta fi kowacce rikici, mai teburi da hotuna da lambobi, ki buɗe. Sannan ki buɗe takardar sakamakon ajinki ki canza makin yaro ɗaya, ki ga ko jimla da matsakaici da matsayinsa a aji sun motsa. SUM da AVERAGE da IF da RANK da VLOOKUP duk Calc ya san su. Inda yakan yi tuntuɓe shi ne takardar da wani ya gina da macro, irin wadda wasu makarantu ke rabawa malamai ana danna maɓalli ta fitar da katin sakamako. In irin wannan kike amfani da ita, ki gwada ta sosai, don tana iya ƙi.

Za ki iya ganin rubutu ya ɗan goce, tambaya ta 10 ta tsallaka shafi na gaba. Yawanci ba lalacewa ba ce, salon haruffa ne babu. Calibri da Times New Roman mallakin wasu kamfanoni ne, ba sa zuwa da Linux. Akwai na kyauta da aka auna daidai da faɗinsu: Carlito a madadin Calibri, Liberation Serif a madadin Times New Roman. Kin sa Carlito, shafukan sukan koma mazauninsu. Ki kuma ɗauki ɗabi'a ɗaya daga yau: duk takardar da za ta je shagon bugawa ki mai da ita PDF tukuna, maɓalli ɗaya ne a Writer. Yadda kika tsara ta haka za ta fito, ko wace kwamfuta aka buɗe ta. Wadda za ki tura wa shugaban sashe ya gyara kuwa ki ajiye ta a docx, wato tsarin fayil ɗin Word.

Hausa da Larabci za su ba ki mamaki. A saitin kibod za ki tarar da tsarin Hausa na Najeriya, mai ɓ da ɗ da ƙ, babu sauran kwafo ƙugiya daga wata takarda kina liƙawa. Na Larabci ma yana nan, kina sauyawa tsakaninsu daga ƙasan allo. A Writer sai kin shiga saitin harsuna kin kunna rubutun dama zuwa hagu sau ɗaya, sannan ki sauke salon haruffan Amiri daga rumbun manhajojin Mint. Wasula da shadda suna zama daram a kansa, takardar Islamiyya za ta fito kamar ta littafi.

Bairos ɗin da ke biyo filashinki, wanda ke ɓoye foldoji ya bar gajerun hanyoyi na bogi, don Windows aka rubuta shi. A Mint ba ya iya tashi. Za ki cusa filashin ki ga foldojinki na gaskiya da ya ɓoye, ki ga tarkacensa a gefe, ki kwashe naki ki goge nasa. Sai dai in ba ki goge ba, kina iya kai wa wata malama shi ba ki sani ba. Kuma kada a ce miki Linux ba ta da abin tsoro. Ki riƙa ɗaukar manhaja daga rumbunta kaɗai, in alamar garkuwa ta nuna akwai sabuntawa ki yi, kuma duk umarnin da kika gani a intanet aka ce ki liƙa a baƙin allon rubuta umarni, wanda ake kira Terminal, ki sa kalmar sirri, in ba ki san me yake yi ba ki dakata ki tambaya. Daɗin abin, ba ta sauke sabuntawa a ɓoye ta cinye miki data, ba ta kuma kashe kanta kina tsakiyar aiki. Sai kin ce.

Yanzu inda gizo ke saƙar: CorelDRAW. Ba a yin ta don Linux. Za ki ji masu cewa ana tayar da ita ta wata manhaja mai suna Wine. Kada ki ɗora abincinki a kan wannan, yau ta yi gobe ta ƙi. Madadinta na kyauta shi ne Inkscape, kuma yana iya zana katin biki mai kyau ƙwarai. Amma hannunki sai ya koyi sabon wuri, tsofaffin zanenki na cdr, wato tsarin fayil ɗin Corel, zai buɗe wasu daidai wasu a hargitse, ba ya kuma iya ajiye aiki a cdr. Masu buga kati da yawa Corel suke buɗewa, kuma launin da suke bugawa da shi, CMYK, nan ne Inkscape yake da rauni. Saboda haka kafin ki yanke shawara ki je wurin mai buga miki ki tambaye shi ko yana karɓar PDF. Ki zana kati ɗaya da Inkscape, akwai shi ma na Windows, ki kai ya buga samfuri, ki dubi launin. In ya fito yadda kike so, hanya ta buɗe. In bai fito ba, ba za ki saki sana'ar da ke kawo kuɗi don a ce kin koma Linux ba. Maganar halaccin Corel ɗin da ke hannunki kuwa, sauya babbar manhaja ba ya warware ta. Ko dai ki sayi lasisi, ko ki koyi Inkscape a hankali har ki iya rabuwa da ita. Ni na biyun nake ganin ya fi dacewa da aljihun malamin makaranta.

Shi ya sa ban yarda a goge Windows yanzu ba. Ga abin da zan yi da a ce tawa ce. Nauyin da kike kuka da shi, ina kyautata zaton rabinsa ba na manhaja ba ne, na tsohon faifan ajiya ne mai juyawa da akan sayar da irin waɗannan kwamfutoci da shi. 840 G3 tana da gurbin ƙaramar SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, samfurin M.2, ban da mazaunin faifan, tana kuma da gurbin RAM biyu. Kuɗin da za ki ba mai gyara ya tura 11, ki cika ki sayi SSD ko da mai 128GB ko 256GB ce. A buɗe bayan kwamfutar a gabanki a tabbatar gurbin babu komai, a sa ta, a zare tsohon faifan a ajiye gefe, a ɗora Mint a kan SSD, sannan a mayar da faifan. Ta haka babu yadda hannu zai kuskure ya goge miki Windows, tunda ba ta ma cikin kwamfutar lokacin da ake aikin. Daga nan F9 ce za ta riƙa ba ki zaɓi: Mint don rubutu da lissafi da duk abin da ya shafi intanet, Windows don Corel kaɗai, kuma a can ki kashe Wi-Fi. Windows 10 da ba ta shiga intanet, ba a kuma cusa mata filashin shago, haɗarinta kaɗan ne.

In kuɗin SSD bai samu ba, ana iya raba faifai ɗaya gida biyu, manhajar da ke sa Mint tana da zaɓin zama kusa da Windows. Wannan ya fi son natsuwa: a kashe Fast Startup, saitin saurin kunnuwa, a Windows, a duba ko BitLocker, mai kulle faifai, a kunne yake, batir ya cika kuma caja a jone, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar raba faifai sai dai a yi salati. Lokacin sawa akwai wani ɗan akwati na kayan kunna sauti da bidiyo, a yi masa alama. Ki zaɓi kalmar sirrin da ba za ki manta ba, ke ki buga ta da hannunki, domin duk abin da za ki sa ko ki cire sai ta tambaye ki ita. Da an gama, a kunna Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfutar lokaci-lokaci, in wata sabuntawa ta kawo cikas a koma na jiya. Tsarin kawai yake adanawa, ba takardunki ba, don haka kwafin nan na Google Drive ba a daina shi.

Wani ɗan abu da zai iya ɗaure miki kai: in kin fito daga Mint kin shiga Windows za ki ga agogo ya koma baya da awa ɗaya. Ba batirin agogo ba ne ya mutu. Linux tana ajiye lokacin duniya ne a cikin injin, Windows tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuma awa ɗaya muke gaba. Layi ɗaya ne ke gyara shi, ƙanenki zai samo cikin minti biyu. Chrome da Zoom da Telegram duk suna da na Linux, Firefox ma a ciki take zuwa. WhatsApp ne sai ta burauza. Ki dai kula da yawan shafukan da kike buɗewa lokaci guda, don a kan 4GB burauza ce ke cinye RAM, ba Mint ba.

Ki sa wa ƙanen naki sharaɗi tun kafin ya taɓa komai: irin wadda ya sa miki, shi ma ya riƙe ta a tasa kwamfutar ko a filashi, don ranar da kika kira shi kina cewa firinta ta ƙi, ya iya buɗe allo iri ɗaya da naki ya gaya miki inda za ki danna. Da abokiyar aikinki ce kaɗai mai taimaka miki, kuma Ubuntu take amfani da ita kullum, da sai in ce ki bi ta duk da nauyin, saboda wanda zai duba miki a kusa ya fi duk wani bambanci da ke tsakanin biyun. Kuma kada a yi wannan aiki ana saura mako biyu jarrabawa. Ki bari a yi hutun ƙarshen zango, ki sa, ki buga tambayoyin gwajin farko na sabon zango da ita tun kina da sararin yin kuskure. In zango ya zagayo kika ga ba ki danna F9 don Windows ba sai ranar kati, kuma mai buga miki ya karɓi PDF ɗin Inkscape, sai ki kwashe abin da ya rage a tsohon faifan, a goge shi ya zama ma'ajiyar takardunki.